Kafuwar Kaduna da Yadda Garin Ya Ƙetare Kogi

Birane iri biyu ne a ƙasashen da Turawa suka mulka. Akwai waɗanda suka tarar da ganuwarsu da sarakunansu da kasuwarsu, kamar Kano da Katsina da Zariya, akwai kuma waɗanda su Turawan ne suka kafa su a wurin da babu gari, ko kuwa a kan kufan garin da suka rushe. A cikin masu kafa irin na biyun nan ba a cika samun waɗanda suka fi mutanen Holan suna ba, ko da ya ke ƙasarsu ƙarama ce ƙwarai. 'Yan kasuwa ne, ba su kan fita da niyyar gina birni ba, abin da su ke nema shi ne wurin da jirgin ruwa zai tsaya, da ɗakin ajiyar kaya, da katangar da za a ɗora igwa a kanta. Amma kwana a tashi waɗansu daga cikin zangunan nan nasu suka zama manyan biranen duniya.

Cikin 1619 wani kamfaninsu mai cinikin kanumfari da masoro ya ci garin Jayakarta a tsibirin Jawa, ya ƙone shi, ya gina nasa a wurin, ya sa masa suna Batabiya. Shi ne Jakarta, birnin da ya fi ko wane girma a Indonesiya. Ba a jima ba wani kamfanin nasu ya kafa zango a bakin tsibirin Manhatan don sayen fatun namun daji wurin mutanen ƙasar, aka kira shi Sabuwar Amstadam. Ingilishi suka ƙwace shi cikin 1664, suka mai da sunansa Niyok. Kusa da gida kuwa akwai Ankara ta ƙasar Gana, inda mutanen Holan suka gina sansani cikin 1649, Ingilishi da mutanen Danmak su ma suka gina nasu a gefe. Cikin 1868 Holan ta bar wa Ingila nata sansanin, cikin 1872 ta tattara nata ya nata ta bar gaɓar nan duka, cikin 1877 Ingilishi suka ɗauke hedkwatarsu daga Kef Kos suka kawo ta Ankara. Sojojin Hausa da fatake masu bin hanyar goro suka kafa zangunansu a bayan gari, har yau ga Sabon Zango da Nima nan ana Hausa a cikinsu.

Abin lura a nan shi ne, ciniki kaɗai bai isa ya mai da zango birni ba. Elmina ita ce babbar cibiyar mutanen Holan a gaɓar Gana tun daga 1637 da suka karɓe ta daga hannun mutanen Fotugal, ta fi Ankara daraja a wurinsu nesa ba kusa ba, amma ga ta nan yau garin masunta, gama ba a kai mata kujerar mulki ba. A ƙasar nan ma an ga haka. Lakwaja ita ce ainihin zangon ciniki na Turawa a Arewa, Dokta Baikie ya kafa shi wajen 1860 a mahaɗar Kwara da Binuwai, a nan Kamfanin Neja ya ajiye sojojinsa, a nan kuma aka ta da tutar Ingila ran 1 ga Janairu, 1900. Duk da haka ba ita ta zama birnin Arewa ba. Wanda ya zama, watau Kaduna, ya bi hanyar ne a juye: bariki da ofis suka fara zuwa, kasuwa da masana'anta suka biyo baya.

Neman mazauni

Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, bai daɗe a bakin Kwara ba. Ya ɗan zauna a Jabba, sa'an nan cikin 1902 ya koma Zungeru, wadda a ke kira Dungurum, a bakin kogin Kaduna ta can ƙasa. Daga nan aka shirya yaƙin Kano da na Sakkwato cikin 1903. To, Dungurum ta yi daidai da zamanin yaƙi, sa'ad da kayan soja ke zuwa ta ruwa, amma ba ta yi daidai da zamanin mulki ba. Wuri ne mai zafi da zazzaɓi, ga shi kuma nesa da manyan sarakunan da a ke so a riƙa sa wa ido. Tawayen Satiru na 1906, inda talakawa da gatura da fartanya suka karya rundunar Turawa a kusa da Sakkwato, ya nuna musu haɗarin ajiye soja a inda zai yi makonni yana tafiya kafin ya kai wurin da a ke bukatarsa.

Abin da ya warware matsalar shi ne hanyar jirgin ƙasa. Masu masaƙu na Lankasha a Ingila sun ƙwallafa rai ga audugar Arewa, suna so su rage dogara ga ta Amurka, suka matsa wa gwamnatinsu. Aka aiko Girouard, injiniyan reluwe mutumin Kanada, ya gaji Lugga cikin 1907, aka soma shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara, ya isa Kano cikin 1911, aka kuma haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko a Minna. Ba da son ransu yawancin leburorin suka zo ba. Ta hannun sarakuna da hakimai a ke ɗibarsu ƙauye ƙauye, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, su haƙa ƙasa, su ɗauke ta a kwando bisa kai. Da jirgi ya fara aiki kuwa sai manoman Kano suka ba Lankasha kunya, suka cika taragu da gyaɗa maimakon auduga, don ta fi kuɗi, kuma in ciniki ya faɗi ana iya cinta.

A inda dogon nan ya ƙetare kogin Kaduna, wajen mil hamsin kudu da Zariya, aka yi gada, aka yi 'yar tasha da sansanin ma'aikata. Da Lugga ya komo cikin 1912, bayan ya yi gwamna a Hon Kon, sai idonsa ya faɗa kan wurin. Tudu ne mai iska, ga ruwa rani da damina, ga jirgi da zai kai soja Zariya ko Kano cikin yini. Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan nauyi: babu fadar sarki a wurin. Da an zauna a Kano ko Zariya, da Gwamna ya zama baƙon wani sarki, sauran sarakuna kuma su ga an fifita ɗaya a kansu. Aka soma gini cikin 1913, sojoji aka fara kawowa. Yaƙin Duniya na Farko ya tsai da aiki, aka kwashe soja zuwa Kamaru, sai cikin 1917 ofisoshi suka taso daga Dungurum. Lugga ya so Kaduna ta zama hedkwatar Nijeriya duka bayan haɗewar 1914, amma manyansa na London ba su yarda ba, aka bar ta a Ikko.

An saba cewa a daji aka kafa Kaduna. Maganar tana da gyara. Ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna da ƙauyukansu da gonakinsu a ko wane gefe na kogin, suna biyan haraji ga Zazzau, Fulani kuma na kiwo a tsakaninsu. Ko sunan garin ma ana jayayya a kansa. Hausawa na cewa jam'in kada ne, saboda kadduna da ke cikin ruwan, Gbagyi kuwa na cewa daga kalmarsu ta kogi aka samo shi. Gardamar ta wuce ta masana harshe, gama a ƙarƙashinta akwai tambayar wanda ya riga wani zama.

Garin da aka zana da wanda ba a zana ba

A arewacin kogi aka zana gari. Aka ware unguwar Turawa da manyan filaye da itatuwa, aka ware barikin soja, aka ware gidajen akawuna, waɗanda yawancinsu mutanen Kudu ne da na Saliyo da Gana, sa'an nan aka yanka Sabon Gari da tituna a miƙe, aka sa musu sunayen garuruwa, titin Kano, titin Katsina, titin Ibadan, titin Abekuta. Bisa ƙa'idar Lugga, tsakanin gidan Bature da na baƙar fata sai an bar fili na yadi 440 ba gini, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga can ya kawo nan, ko gobara ta tsallako. A irin filayen nan a ke sukuwa da wasan ƙwallon doki. Amma kuku da boyi da mai gadi a bayan gidan Bature su ke kwana, sai ka ce sauro ya san ma'aikaci ya bar shi.

Wannan ɗabi'a ta raba mutane unguwa unguwa bisa asalinsu tsohuwa ce a biranen 'yan mulkin mallaka. A Batabiya mutanen Holan sun yi haka, ko wace kabila da unguwarta da shugabanta, bayan kisan da aka yi wa 'yan Sin cikin 1740 kuma aka fitar da sauransu bayan ganuwa. Mai mulki yana samun sauƙin karɓar haraji da sauƙin tsaro, amma mutanen gari su kan tashi ba su san juna ba sai a kasuwa.

Wanda ya zana Kaduna ya yi lissafin Razdan da hafsa da akawu, bai yi lissafin mai yi musu hidima ba. Mahauci da mai ruwa da birkila da tsohon soja da ya gama aiki bai son komawa gida, duk sai da suka nemi wurin kwana. Haka Tudun Wada ta cika, haka Unguwar Shanu da Unguwar Rimi da Unguwar Kanawa da Kawo da Tudun Nufawa suka tsiro, ko wace da sunan sana'arta ko na mutanen da suka fara sauka. Su waɗannan a ƙarƙashin En'e ta Zazzau su ke, da hakiminsu da alkalinsu, alhali cikin gari yana hannun Bature. Watau tun farko hukuma biyu ce a gari ɗaya.

Kudancin kogi kuwa na reluwe ne. A nan babbar tasha ta ke, da ma'ajiyar kaya da gidajen ma'aikatan jirgi. Darajarta ta ƙaru cikin 1927, sa'ad da dogon Gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da Kafancan ya zo ya haɗu da na Ikko a wurin. Daga ran nan duk wanda ya fito daga teku, ko ta yamma ko ta gabas, in Kano ya nufa sai ya bi ta Kaduna. Bayan tasha akwai ƙauyuka, Makera da Kakuri da Barnawa, sai gonaki. Har yau ana bambanta Kakurin Gwari da Kakurin Hausa, alamar waɗanda aka tarar da waɗanda suka sauka kusa da su.

Shekara talatin garin yana tafiya a hankali. Gari ne na albashi, in wata ya yi nisa kasuwa ta yi sanyi. Mutanen birni ba su ɗauke shi gari ba, bariki su ke ce da shi, ɗan bariki kuwa a bakin Bakano ko Bazazzagi ba yabo ba ne, ana nufin wanda ya fita daga idon iyaye da na sarki. Sai dai a barikin nan ne Hausa ta sami wani aiki sabo. Da ita a ke ba soja umurni, da ita Bayarabe ke ciniki da Bagwari, da ita Banufe ke magana da mutumin Binuwai. Hausa ce da aka sauƙaƙa, ba a cika kula da namiji da tamata a cikinta ba, malamai na yi mata dariya suna kiranta Barikanci, amma ita ta riƙe garin, daga cikinta kuma kalmomi irin su kurtu da saje da kofur da samanja suka shiga bakin kowa.

Siyasa ce ta fara ta da Kaduna daga wannan hali. Da aka kafa Majalisar Sarakuna da ta Wakilai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya zama dole sarakuna da 'yan boko na larduna goma sha biyu su riƙa taruwa a nan. A Kaduna aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa cikin 1949. Cikin 1954 Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya zama Firimiya, cikin 1956 aka yi hawan daba don Sarauniyar Ingila, a shekarar kuma aka cire Kaduna daga Lardin Zazzau aka mai da ita ƙasar hedkwata mai cin gashin kanta. Arewa ta sami mulkin kai ran 15 ga Maris, 1959. Ma'aikatu suka yawaita, ministoci suka gina gidaje. Garin da ƙidayar 1952 ta ba mutum wajen 40,000, ta 1963 ta ba shi kusan 150,000.

Zamanin masaƙu

Mafi yawan ƙaruwar nan ba ofis ne ya kawo ta ba. Sardauna da mutanensa sun ga abin takaici ne a ce ƙasar da Barth ya tarar cikin 1851 tana sayar da tufafinta har Tambutu da Tarabulus ta koma tura auduga Ingila tana sayo akoko. Aka yi yarjejeniya da kamfanin David Whitehead na Lankasha, gwamnatin Arewa ta sa kuɗin da hukumar ciniki ta tara daga gyaɗa da audugar talakawa, aka gina masaƙa a Kakuri, ta fara aiki cikin 1957 da sunan Kaduna Textiles. Kudancin kogi aka zaɓa don dalilai bayyanannu: ga tasha da za ta kawo auduga daga injinan gurza na Zariya da Funtuwa da Gusau, ga ruwan rini da wanki, ga fili, ga shi kuma hayaƙi da ƙara ba za su dami unguwar manya ba.

Da ta farko ta yi riba sai saura suka biyo. Nortex ta zo cikin 1962. Cikin 1964 Cha Chi Ming, attajirin Hon Kon, garin da Lugga ya taɓa mulka, ya kafa United Nigerian Textiles, wadda ta zo ta fi duka girma. Mutanen Japan suka kafa Arewa Textiles, ta soma saƙa cikin 1965. A tsakanin nan aka buɗe kamfanin giya a Kakuri cikin 1963, wanda Heineken na Holan ke da hannu a ciki, aka kuma kafa ma'aikatar makamai ta soja cikin 1964 da taimakon Jamusawa. Cikin 1975 aka soma harhaɗa motocin Peugeot, cikin 1980 aka buɗe matatar mai a kudu maso gabashin gari, a lokacin ana turo mata ɗanyen mai ta bututu daga Neja Delta.

A nan labarin ya sake gamuwa da mutanen Holan ta wata hanya. Atamfar da matan ƙasar nan ke kira Holan, wadda a ke auna lefe da ita, asalinta kwaikwayon rinin kakin zuma ne na mutanen Jawa, ƙasar da a ke mulka daga Batabiya. Masu masaƙu na Holan suka koyi buga shi da inji don su sayar a can, mutanen Jawa ba su karɓe shi sosai ba, sai aka sami kasuwarsa a gaɓar Gana wajen ƙarshen ƙarni na 19, daga nan ya bazu. Irin zanen nan ne masaƙun Kaduna suka shiga bugawa da araha, har matar lebura ta iya ɗaura abin da dā sai matar attajiri.

Masaƙa ba ta barci. Kashi uku a ke aiki, na safe da na yamma da na dare, jiniya ce ke raba su, in ta yi kuka sai titin Kakuri ya cika da kekuna kamar an buɗe dam. Dubban mutanen nan kamfani bai gina wa yawancinsu gida ba, gwamnati ma ba ta gina ba. Sai mai gona ya yanka gonarsa ya sayar da shaidar mai unguwa, wanda ya saya ya jera ɗakuna ciki da falo, ko ɗaki ɗaya ɗaya suna duban juna, da rijiya ɗaya da makewayi ɗaya, ya zuba 'yan haya. Da Kakuri da Makera suka cika sai aka matsa yamma da kudu, Nasarawa da Tirkaniya da Kudandan, aka matsa gabas, Unguwar Talbijin da Sabon Tasha da Narayi. Tirkaniya irin unguwannin nan ce da ba a zana su a takarda ba kafin a zauna. Gida ya riga titi zuwa, titi ya riga magudanar ruwa, abin da ya sa ma'aikaci ya zauna a cikinta kuwa shi ne yana iya isa ƙofar kamfani da ƙafa ko da keke kafin jiniya ta biyu.

Mutanen da suka cika unguwannin nan daga ko'ina su ke. Akwai Hausawa da Kanuri da Nufawa, akwai Tibi da Idoma da Igala, akwai mutanen Filato, akwai kuma jama'a mai yawa daga kudancin Zazzau, Bajju da Atyap da Ham da sauransu, waɗanda makarantun mishan suka ba ilmin da kamfani ke nema. Bayan kashe-kashen 1966, sa'ad da Ibo suka cika jiragen Gabas suka bar Arewa, guraben da suka bari a reluwe da kamfanoni waɗannan ne suka cike da yawa daga ciki. A gaban inji ba a tambayar mutum addininsa, kuma ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, da aka kafa cikin 1978 da hedkwata a Kaduna, ta zama ɗaya daga cikin wurare kaɗan da Musulmi da Kirista ke zaɓen shugaba ɗaya don bukata ɗaya. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta Nijeriya daga 1999, daga baya ya yi gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki.

Gwamnatin Arewa ta lura garin yana neman ya fi ƙarfinta, ta ɗauko Max Lock, masanin tsara birane daga Ingila, ya auna ko'ina, ya tsara yadda Kaduna za ta kasance har 2017. Littafinsa ya fito cikin 1967. A shekarar nan, ran 27 ga Mayu, Janar Gowon ya rushe jihohin nan huɗu ya yi goma sha biyu. Sardauna kuwa an riga an kashe shi a gidansa ran 15 ga Janairu, 1966, wanda ya jagoranci harin, Manjo Nzeogwu, haifaffen garin ne, har Kaduna a ke kiransa. Tsarin da aka yi wa hedkwatar Arewa duka sai ya faɗa hannun jiha guda, wadda ba ta da kuɗin aikata shi. Garin bai daina girma ba saboda haka, gama barikoki da makarantar hafsoshi da gidan rediyo da jaridar New Nigerian da kamfanonin da jihohin Arewa suka gāda tare duk suna nan a lokacin, sai dai girman ya zama na kowa tasa ta fisshe shi.

Kogi ya zama iyaka

Faɗuwar masaƙu ba rana ɗaya ta zo ba. Da aka karya darajar naira cikin 1986, kayan gyaran inji da sinadarin rini da a ke sayowa waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama ba tabbas, ko wane kamfani sai ya ƙona baƙin mai ya yi tasa. Noman auduga ya ja baya. Sa'an nan atamfar Sin mai araha ta kwararo, wata ta tashar ruwa, wata ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano da Maraɗi, har da mai ɗauke da zane da tambarin masaƙun Kaduna. Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, saura suka bi ta ɗaya ɗaya, United Nigerian Textiles ta tsaya cikin 2007. An sake buɗe wani sashe nata cikin 2010, amma bai mai da abin da ya wuce ba. Ma'aikata da yawa suka fita ba a biya su haƙƙinsu na sallama ba, suka yi shekaru suna bin sawu, waɗansu har suka mutu. Mai ɗakunan haya a Tirkaniya da mai tuwo a ƙofar kamfani da mai facin keke duk tare aka sallame su, ko da ya ke sunansu ba ya cikin takarda. Wanda ya saba da injin saƙa ya koma acaba.

Ana cikin wannan hali ne fitina ta tashi. Cikin Fabrairu da Mayu na 2000 aka yi rikici a kan maganar shari'a, hukuma da kanta ta ƙidaya gawa fiye da 1,000, masu bincike na waje suka ce abin ya kai ninki biyu. Shugabannin addini suka sa hannu a takardar zaman lafiya cikin Agusta 2002, ba a yi wata uku cikakku ba aka sake wani a Nuwamba a kan gasar sarauniyar kyau. Aka kuma yi bayan zaɓen 2011. Ran 17 ga Yuni, 2012, aka kai harin bam a wata majami'a a Tirkaniya, rana ɗaya da waɗansu biyu a Zariya, ramuwar gayya ta biyo baya a kan hanyoyi, aka rufe gari kwana da kwanaki.

Ko wane rikici ya kan bar ƙaura a bayansa. Kirista da ke Tudun Wada ko Rigasa ya sayar da gidansa ya ƙetare kudu, Musulmi da ke Sabon Tasha ko Unguwar Talbijin ya ƙetare arewa, wani lokaci musanyar gida a ke yi kai da kai. Har mutane suka shiga kiran wannan gefe Makka, wancan Kudus. Rabuwar ba ta cika sarai ba, gama Barnawa a gauraye ta ke, ba a kuma rasa Musulmi a Makera da Kakuri da Nasarawa da Tirkaniya, amma su irin unguwannin nan na tsakiya su suka fi shan wuya in gari ya ɓaci, domin a nan iyakar ta ke bi ta tsakanin lungu da lungu. Ba daidai ba ne a ɗora wa rufe masaƙu laifin duka, rikicin yana da saiwoyi a siyasa da sarauta da tsohuwar ƙullalliya tsakanin Zazzau da kabilun kudancinta. Sai dai wurin da ya fi haɗa mutanen nan kullum ya rufe a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, 'ya'yansu kuma suka tashi a makarantu dabam da kasuwanni dabam.

Tambayar mai gari ma ba ta kwanta ba. Da ya ke an kafa Kaduna ne don kada ta zama ta wani sarki, ba ta da sarkin kanta har yau. Arewacin gari yana ƙarƙashin masarautar Zazzau da hakimanta, a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi kuma aka ba Gbagyi tasu sarauta a Cikun. Ƙananan hukumomi huɗu ne ke raba garin, Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Cikun da Igabi, ba wadda ke ɗauke da nauyinsa duka. Mutumin da kakansa ya zo aikin dogo, aka haifi ubansa a Makera, aka haife shi a Tirkaniya, in ya je neman takardar shaidar asali ana iya tambayarsa garinsu.

Shawarar Lugga ta kai hedkwata tsakiyar ƙasa ta tabbata daga baya, amma ba a Kaduna ba. Ran 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta tashi daga Ikko ta koma Abuja, a kan ƙasar Gbagyi ita ma, manyan ma'aikata da 'yan kwangila da dā Kaduna ce mazauninsu suka bi ta can, da yawa suka bar iyali a nan suna zuwa ƙarshen mako. Hanyar da ke kai su ta kudancin kogi ta ke fita, babbar hanyar da ta kewaye gari ta yamma, mai sunan Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Dungurum cikin 1904, ita ce ke bi ta gefen Tirkaniya ɗauke da manyan motoci masu kai kaya Kano. Da aka buɗe sabon dogo tsakanin Abuja da Kaduna cikin 2016, ba a kawo shi tsohuwar tashar kudu da ta haifi garin ba, a Rigasa aka gina tasharsa, can arewa maso yamma da kogi.